Neman shawara: 'Yata ta ci 238 a JAMB, shekara biyu ba gurbi, wani ya ce in kawo kuɗi

Saƙon da aka turo, an ɓoye suna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kano, bokona bai yi nisa ba, shi ya sa na kawo maganar gaban masana. 'Yata shekararta 18, likitanci take so tun tana firamare. Bara ta ci 214 a JAMB, ba ta samu ba. Bana ta ci 238, ta sake cike likitanci a wata jami'a a nan gida. Sunayen farko sun fito babu ita, in ta buɗe shafinta a waya "Not Admitted" take gani. WAEC ɗinta duk kiredit ne in ban da Fiziks da ta samu D7. Ta sake zama NECO ta ƙarshen shekara ta samu C5, amma sakamakon bai fito ba sai bayan ta yi rajistar JAMB. Yanzu wani ya ce yana da hanya, in ba shi dubu ɗari uku ya sa sunanta a jeri na biyu. In bayar? In jira? Ko ta sake zama karo na uku? Yarinyar duk ta rame, ko abinci sai an matsa mata.

Ma'aikacin cibiyar jarrabawar kwamfuta, Fagge:

Wa alaikumus salam Baba. Kafin komai, a duba takardunta yau ɗin nan, don a bayaninka akwai inda nake zargi. Ka ce NECO ta fito bayan rajista. To ko an koma an ɗora ta a shafin JAMB? Yara da yawa suna ɗorawa a shafin jami'a lokacin tantancewa, su ɗauka an gama. Shafi biyu ne daban, kuma na JAMB, wanda ake kira CAPS, shi ne mai yanke hukunci.

Ta shiga da imel da kalmar sirrin da ta yi rajista da su, ta zaɓi shekarar jarrabawa, ta buɗe CAPS. In a waya ne, ta mayar da burauza yanayin kwamfuta, in ba haka ba rabin shafin ba zai fito ba. A gefen hagu akwai wurin sakamakon sakandare. Ta ƙirga: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, kowanne da makinsa a gabansa. In ta ga wurin babu komai, ko an rubuta AR, wato ana jiran sakamako, ko kuma Fiziks har yanzu D7 ce, to na'ura ba ta ma kawo sunanta gaban masu zaɓe ba. Gyaran ba a waya ake yi ba, sai a cibiyar da JAMB ta amince da ita ko ofishinta na jiha. Ta tafi da kanta da takardun biyu, kada ta tashi daga kujerar sai ta gani da idonta a allo cewa ya hau.

A duba har da suna da ranar haihuwa. In NIN ta ce abu ɗaya, WAEC ta ce wani, ko an juya sunan uba da na kaka, zai iya tare ta a wajen tantancewa ko da an ba ta gurbin.

Malamin jami'a:

Alhaji, kuɗin nan kada ka bayar, ko sisi. Tun 2017 duk gurbin digiri ta CAPS yake bi: jami'a ta tura suna, JAMB ta duba ta amince, ɗalibi ya danna karɓa, sannan ya fitar da takardar shaidar gurbi daga shafin JAMB. Duk takardar da ba ta biyo wannan hanya ba, ko da tambarin jami'a a kanta, ba a san da ita ba. Sharrinta ba ya fitowa da wuri. Sai yaro ya gama shekara huɗu ko shida, an zo tura sunaye bautar ƙasa, a nemi sunansa a rajistar JAMB a rasa. Masu irin wannan sana'a abu biyu suke yi: ko su buga takardar bogi, ko su karɓi kuɗin mutum goma su zauna, wanda Allah ya ba shi a jeri na biyu da cancantarsa su ce aikinsu ne, sauran a yi ta "ana kan magana" har shekara ta wuce.

Ga yadda rabon yake, don ka daina zargin kanka cewa rashin hanya ne. A jami'o'in tarayya irin su Bayero, ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin ɗari na zallar cancanta, daga kowace jiha mutum ya fito. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kano tana cikinsu. A ce kwas yana da kujera 100. Arba'in da biyar na farko sun tafi ga waɗanda suka fi kowa maki a duk ƙasar. A 35 ɗin nan 'yarka tana gogayya da 'yan Kano da na maƙwabta, kuma su ne mafi yawan masu nema. Ashirin ɗin ƙarshe kuwa jihohi da yawa ne ke raba su, abin da zai faɗo wa Kano bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne makin da ake sanarwa a rediyo. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Wannan ƙofar gida ce kawai. Kowace jami'a tana ɗora nata a kai, kowane sashe kuma jera masu nema yake yi daga sama zuwa ƙasa, ya yanke inda kujeru suka ƙare. Maki 238 ba abin rainawa ba ne: a sakamakon farko da aka fitar na jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Sai dai waɗanda suka yi sama ɗin, a likitanci da lauya da famasi suke taruwa. Kuma likitanci ba jami'a ce kaɗai ke yanke adadinsa ba. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗalibanta, gwargwadon malamai, ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa. Ko shugaban jami'a ba ya ƙara kujera don ya ga dama, balle wani mai "hanya".

Likita, mai koyarwa:

Alhaji, akwai abin da ban ga an tsaya a kansa ba, kuma ina jin shi ne babba. Kiredit ɗinta biyar a zama biyu suka haɗu. Makarantun likitanci da yawa zama ɗaya suke nema. Ta buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, IBASS, ta nemi jami'ar da kwas ɗin, ta karanta sharaɗin da kanta. In an ce zama ɗaya, ko 300 ta ci ba za a ɗauke ta ba, kuma sake JAMB ba zai gyara wannan ba sai ta sake WAEC ko NECO gaba ɗaya.

Ku zauna da ita a tsanake ku tambaye ta: sunan "dakta" take so, ko aikin asibiti? In aikin ne, ƙofofinsa da yawa. Akwai aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti, gashin ƙashi, ɗaukar hoton cikin jiki, famasi. Su ma ana rububinsu, ba na ce a ɓagas ake samu ba. A ƙasa da su wajen cunkoso akwai Anatomi, Fiziyoloji, Bayokemistiri da Maikurobayoloji, inda 238 ke da ƙarfi sosai. Kwalejojin koyon jinya ma yanzu ta JAMB ake shigarsu, kuma a 2025 makinsu na ƙasa 140 ne.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: kada a lallashe ta da cewa ta shiga Anatomi, bayan shekara ɗaya za ta koma likitanci. Sauyin sashe yana buƙatar maki mai yawa da kujerar da babu kowa a kanta, kuma a likitanci da wuya kujera ta zauna babu kowa. Duk kwas ɗin da za ta karɓa, ta karɓe shi da niyyar gamawa.

Ɗalibar aji huɗu:

Baba ni dai a ganina ta sake zama. Daga 214 zuwa 238 ai ci gaba ne. In ta shiga lesin na wata shida za ta iya haura 270.

Malamin Kemistiri a sakandare, Gwale:

Ƙanwata, zai yiwu, amma sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. In ta bar 238 ta ruɓe, baɗi daga sifili za ta fara, kuma yaron da ya shekara biyu a gida karatu sanyi yake yi a hannunsa, musamman lissafin Fiziks. In har likitancin ne ko ba komai, gara ta yi IJMB da zaman gida. Shiri ne na kamar shekara guda a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, darussa uku, ana yi a kwalejin CAS a nan Kano, kuma da shi ake neman shiga aji biyu kai tsaye. Sai dai a sani, kujerun shiga kai tsaye a likitanci sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai sakamako na sama sosai.

Ni abin da zan ce a yi a makon nan: a gyara takardu, sannan a canza kwas tun jeri na biyu bai rufe ba. A kuma duba jami'o'in jiha, Northwest a cikin gari da ta Aliko Dangote a Wudil, don suna fifita 'yan jiha. Amma kafin a biya kuɗin canji, a tabbatar jami'ar tana karɓar masu canji har yanzu, kuma a yi rajistar tantancewarta. Canji a JAMB kaɗai ba ya isa.

Jami'in jarrabawa a wani sashe na jami'a:

Alhaji, kowa ya yi maganar shiga, bari in yi ta fita, don yawan waɗanda ake rantsarwa a aji ɗaya ba shi ne yawan masu sa rigar yaye a kan lokaci ba, kuma a shekarar farko ake yin asarar.

Ga yadda ake lissafin sakamako a jami'a. Maki 70 zuwa sama A ce, tana da daraja 5. B daga 60, daraja 4. C daga 50, daraja 3. D daga 45, daraja 2. A jami'o'i da yawa akwai E daga 40, daraja 1. F sifili. Kowane darasi ana ninka darajarsa da nauyinsa, wato yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar nauyin da aka yi wa rajista. Ɗauki darasi shida, kowanne mai nauyi 3, jimilla 18. In duk B ta ci, tana da 4.00. In ta ci B biyar ta faɗi ɗaya, 60 za a raba da 18, ta dawo 3.33. Faɗuwa ɗaya ta sauko da ita daga ajin digiri na biyu babba, wanda ke farawa daga 3.50, zuwa ƙarami. A yawancin jami'o'i kuma, ko ta sake darasin ta ci A, sifilin farko yana nan cikin lissafi. Ga shi darasin da aka ɗauko daga baya yana cin gurbin na gaba, tunda akwai iyakar nauyin da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, galibi 24. Da haka kwas na shekara huɗu yake zama biyar. Shi ma yana da iyaka: galibi shekara shida ce ƙarshe, daga nan sai sallama. A likitanci abin ya fi tsanani, makin ci 50 ne a manyan jarrabawoyi, wanda ya faɗi ya sake, ya kuma faɗi ya maimaita aji, daga nan a nuna masa wani sashe.

Abubuwan da ke kayar da yara ba duka rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Akwai wanda zai zauna jarrabawar darasin da bai yi wa rajista ba, sakamakon ya tafi a banza. Akwai halartar lakca, ana neman kashi 75 kafin a shiga jarrabawa. Yarinyar da ke Hotoro ko Mariri, lakcarta ƙarfe takwas a sabon mazaunin Bayero kan titin Gwarzo, in ba a tanadi kuɗin adaidaita sahu ko ɗakin kwana ba, tun nan an fara cin bashi. Ga gwajin tsakiyar zango, mai maki 30 ko 40, da yara ke wasa da shi. Sannan aure, haihuwa ko jinya: in ɗaya ya taso, a rubuta takardar neman ɗage zango ta hannun shugaban sashe, a karɓi amsa a rubuce, a adana kwafi. Wadda ta ɓace ba takarda, F za ta tarar a jere.

Ka kuma sa a lissafinka cewa kalanda tana iya zamewa. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci.

Wata uwa, ma'aikaciyar banki:

Dubu ɗari ukun nan ka ajiye su na rajista da littattafai, Alhaji. In ta shiga jami'ar gwamnati tana iya neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Babu ruwa a kansa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ana kuma ba ɗalibi dubu ashirin a wata. Suna neman lambar JAMB, NIN da BVN, wanda ya shiga ta bayan gida ba zai ma iya cikewa ba. Don Allah a riƙa jan ta da hira, mahaifiyarta ta nuna mata 238 ba faɗuwa ba ce.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Mun je cibiya da safe, wallahi Fiziks D7 ce a shafin, an ɗora NECO yanzu. Ta yarda za ta koma wani kwas na fannin lafiya. Tambaya ta ƙarshe: in an ba ta wani kwas da ba ta cike ba, yaya za ta sani?

Ma'aikacin cibiyar jarrabawar kwamfuta, Fagge:

Alhamdu lillahi Baba. A CAPS akwai wurin amincewa da sauyin kwas. In jami'a ta ga ta dace da wani sashe, a nan za ta turo tayi, kuma ba za a ci gaba ba sai ta danna amincewa. Ta riƙa leƙawa kullum, safe da yamma. In ta ga "Admission in Progress", sunanta yana hannun JAMB, ta jira. In gurbin ya fito, mako huɗu ake bayarwa a karɓa, amma ta karanta sunan jami'a da kwas sau biyu kafin ta danna, don da zarar ta karɓa sauran ƙofofin bana sun rufe. Kalmar sirrinta kuma kada ta ba kowa, har mutumin nan mai hanya, in ya riga ya karɓa a canza ta yau.