Neman shawara: bindigata ta yi tsatsa bara, ta yaya zan ajiye ta bana?

Manomi, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bindiga mai baki ɗaya, ta harsashi, da lasisinta. Da rani nake fita da ita, in harbi zabi ko in kori birai daga gona. Bara da ruwa ya sauka na shafe ta da man gyaɗa, na zura ta a jakarta ta fata, na tura ƙarƙashin gado. Ban sake waiwayarta ba sai bayan girbi. Da na ciro, wallahi sai da raina ya ɓaci: jikinta duk jan tsatsa, kunamar ta yi danƙo, da ƙyar take motsi. Yanzu ga Afrilu ya kama, hadari ya fara haɗuwa. Me zan yi kafin in ajiye ta?

Tsohon soja, Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar mai, karya ta, wato ka buɗe ta wajen da ake sa harsashi, ka leƙa ka tabbatar babu harsashi a ciki. Ko kai ka cire da hannunka jiya, sake dubawa yau.

Laifi biyu ka yi. Man gyaɗa na tuya ne. Idan ya daɗe a kan ƙarfe yakan daskare ya zama ƙaro, shi ne ya riƙe maka kunama. Na biyu jakar fata. Fata tana shan laima ta riƙe, sannan abin da aka jeme ta da shi yana cin ƙarfe. Jaka ta ɗauka ce daga gida zuwa daji, ba ta ajiyar wata shida ba. Kuma ka san daminar Kaduna, daga Yuli zuwa Satumba ko takalmi ka bari a lungu sai ya yi fumfuna.

Ga yadda nake yi. In raba bututun da katakon, in samo sanda siririya ta katako ko ta tagulla, in ɗaura tsumman farin yadi, in jiƙa shi da ɗan kananzir, in tura daga wajen da ake sa harsashi ya fita ta baki. In canza tsumma, in sake, har sai ya fito fari. Daga nan in bi da busasshe. Sai na ƙarshe da ɗigon man keken ɗinki. Ɗigo na ce, ba wanka ba. Idan ka shafa yatsa ka ga mai yana bin hannunka, ya yi yawa. Bayan shafar ƙarshe kada ka ƙara taɓa ƙarfen da hannu, gishirin gumi kaɗai ya isa ya bar maka zanen yatsa na tsatsa.

Baba maharbi, Rigachikun:
Yaro, mu da ruwan zafi da sabulu muke wanke tamu tun muna samari, kuma har gobe tana tashi. Ka zuba tafasasshe a bututun, ka girgiza, ka zubar, ka sa a rana.

Tsohon soja, Kawo:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka daidai ce, amma ga irin taku ta ɗuri, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Albarushin gargajiya yana barin toka mai gishiri da farar wuta, tana jan laima daga iska, kuma ruwa ne ke narkar da ita. Mai ba ya yi. Shi ya sa wanda ya harba ta ɗuri ya kwana biyu bai wanke ba zai ga aiki. Tasa kuwa ta harsashin kanti ce, dattin da take bari daban ne. In ya zuba mata ruwa, ya shiga wajen kunama bai bushe ba, ya ƙara wa kansa wahala.

Baba maharbi, Rigachikun:
To na ji, soja. Amma akwai abin da duk ba ku faɗa ba: zanzaro. Bakin bindiga rami ne a wurinsa, zai shiga ya yi gininsa na laka ba ka sani ba. Ka harba a toshe, bututun ya kumbura ko ya tsage a hannunka. Na ga wanda ya rasa yatsu biyu ta haka, a gabana. Duk ranar da za ka fita, ɗaga ta ka hango haske ta ciki tukuna. Kuma ka ɗauke ta daga ƙasa, gara ba ta jin kunyar katako.

Makaniki, Panteka:
Kada wani ya ruɗe ka da baƙin mai na mota, akwai garin ƙarfe da datti a cikinsa. WD-40 kuma, wato man feshin nan na gwangwani, na korar ruwa da sassauta abin da ya cije, zai taimaka maka a kunamar nan, amma ba ya daɗewa, sai ka bi shi da mai. Tsatsar da ta riga ta hau, sa mata mai ta kwana, ka murza da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a hankali. Ban da sanfefa, za ta kankare baƙin launin da ke kare ƙarfen. Idan ka leƙa cikin bututu ka ga ramuka masu zurfi, dakata da harbi har wanda ya san aikin ya gani.

Ajiye ta a tsaye cikin kabad, bakin yana kallon ƙasa, don man kada ya gangara ya jiƙa katakon ya yi laushi. 'Yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye laima, tara su ka zuba a ciki. Duk wata ka fito da ita ka goge.

Maman yara, Unguwar Rimi:
Ni ban san komai a kan mai ba, amma kalmar "ƙarƙashin gado" ce ta tsaya min a rai. Malam, ba ka da yara ne? Ƙarƙashin gado ai fadarsu ce. Don Allah ka sa wa kabad ɗin kwaɗo, harsashi kuma a wani akwati daban da nasa makullin, mabuɗan suna jikinka.

Tsohon soja, Kawo:
Hajiya ta fi mu gaskiya. In ƙara da takarda: a dokar bindigogi ta 1959, lasisin irin taka daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, na ta ɗuri kuma daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duba naka bai ƙare ba, kuma shi ma ka raba shi da laima.

Manomi, Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, yara huɗu ne, kuma na ji kunya. Na sayi kwaɗo ɗazu. Na tura tsumma sau tara kafin ya fito fari, kunama ta saki. Cikin bututun akwai 'yan ɗige-ɗige kusa da baki, ban iya gane zurfinsu ba, gobe da rana zan ɗauki hoto in turo. Tambaya ɗaya, Yaya soja: man da na sa a ciki, in rani ya zo sai na goge shi kafin in harba?

Tsohon soja, Kawo:
Ƙwarai, busasshen tsumma sau biyu. Da hunturu ma rage man waje, ƙura na manne masa. Turo hoton mu gani.