Maigida ya ce in kawo littafi kafin mu yi maganar tazara

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, a yi haƙuri zan ɗan ja zance. 'Ya'yana uku, babbar shekararta huɗu da rabi, autan watansa 14. Tsakanin ta fari da ta biyu kwanika na yi, kuma har yau jikina bai koma daidai ba. Na ce wa Abban Ilham ina so in huta, in ba da tazarar haihuwa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce shi a saninsa wannan tsarin Turawa ne na rage mu, in kuwa ina da hujja in kawo masa littafi, ba maganar Facebook ba. Shi Larabci yake karantawa, ni kuma Turanci. To wane littafi zan nema, kuma a ina cikin Legas ɗin nan? Na biyu, autan bai fara tafiya ba, sai dai ya dafa kujera ya miƙe. Inna ta kira daga Funtuwa tana cewa ubansa a wata goma ya taka. Ina son littafin da ke bayanin girman yaro, hankalina ya kwanta.

Malam Bashir, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malama, tunda mai Larabci ne ai aikinki ya yi sauƙi, littattafan ma wataƙila suna cikin kwabarsa. Ya duba babin azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje don kada ciki ya shiga, a Bukhari da Muslim, hadisin Jabir ɗan Abdullahi, inda ya ce sun kasance suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka. Sannan ya buɗe Ihya'u na Imamu Gazali, littafin ladubban aure, ya ga dalilan da malamin ya lissafa, har da kiyaye lafiyar mace da tsoron ƙuncin yawan iyali. Akwai saɓani, wasu sun karhanta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya sai da yardar matar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ta zauna a Kuwait a 1988 ta raba abu biyu: ta hana gwamnati ƙayyade wa mutane yawan 'ya'ya da doka, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba, amma ta halatta jinkirtawa na wani lokaci idan miji da mata sun yarda. Kada ki ce masa "ƙayyade iyali", kalmar ce ke tayar da ƙura. Ki ce tazara.

Alhaji Garba, Mile 12:
Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Mu 17 ne a gidanmu, babu wanda ya kwana da yunwa.

Hajiya Kaka, Alaba Rago:
Alhaji, ku 17 ɗin ɗaki nawa ne suka haife ku? Ka tambayi mahaifiyarka shekara nawa ke tsakaninka da ƙaninka. 'Yata, ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta min wannan. A zamaninmu mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ba ta komawa da wuri. Ko ta koma, miji na nesa-nesa har a yi yaye, wajen shekara biyu. Wadda ta yi kwanika har habaici ake mata a gidan biki, a ce ta kasa haƙuri. Babu Bature ko ɗaya a ƙauyenmu lokacin. Yanzu a Ikko ɗaki ɗaya kuke, haya ta yi tsada, kuɗin motar zuwa gida ya fi ƙarfin mutum, uwa na can ke kina nan. Al'adar da ke raba haihuwar ce ta faɗi, ba a kuma sa komai a gurbinta ba.

Malama Zainab, Akoka:
Yaya, ni zan ce maigidanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma in kika nuna masa kin san haka zai fi sauraronki. Margaret Sanger da ta buɗe asibitinta na hana ɗaukar ciki a Buruklin ta Amurka a 1916, da Marie Stopes da ta buɗe nata a Landan a 1921, dukansu sun yi imani da aƙidar nan ta cewa wasu mutane sun fi cancantar haihuwa a kan wasu. A Indiya kuma, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas. Littafin Matthew Connelly, Fatal Misconception, na 2008, shi ya bi diddigin wannan. Yana da nauyi, ni kaina sai da na ajiye shi sau biyu. Amma ki haɗa shi da na Basim Musallam, Sex and Society in Islam, na 1983, wanda ya nuna likitocin Musulmi irin su Razi da Ibn Sina sun rubuta hanyoyin jinkirta ciki ɗaruruwan shekaru kafin a haifi su Sanger. Abin da Hajiya Kaka ta faɗa ma yana rubuce, a labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954. A nan gida, manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Babangida, ita ta kawo zancen 'ya'ya huɗu ga kowace mace, daga nan mutanenmu suka ƙara ɗari-ɗari da maganar.

Alhaji Garba, Mile 12:
To kun ji. Ai na faɗa.

Malama Zainab, Akoka:
Rabin farko ka ji, Baba.

Anti Rabi, Obalende:
Ku bar ni da yaron, shekara 31 na yi ina aikin jinya. Maman Ilham, yaron da ke dafa kujera ya miƙe a wata 14 lafiyarsa lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe daban-daban, har da Gana, ta ga masu lafiya suna fara tafiya su kaɗai tun daga wajen wata takwas har kusan wata 18. Inna ta tuna na wata goma ne saboda shi ake ba da labari. Idan ya cika 18 bai taka ba, ko ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ya daina abin da ya riga ya iya, to ki kai shi asibiti, kada ki tsaya neman littafi. Ki rage goyo da rana, ki bar shi a ƙasa ba takalmi, keken koyon tafiya kuma ki ba da shi.

Littafin da ya fi kowanne amfani yana cikin jakarki: katin awo. Wani likitan yara, David Morley, a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa ya tsara irinsa, daga Najeriya ya bazu duniya. Ki dubi layin nauyinsa, in yana hawa to madalla. Littattafan renon Turawa kuwa ki karanta da lura, yawanci sun ɗauka jariri na da ɗakinsa shi kaɗai. Kan tazara, shawarar hukumar ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ki ajiye ta kusa da aya ta 233 a Baƙara, mai maganar shayarwa shekara biyu, ki ba maigida ya gwada. Wace hanya za ki bi kuma, wannan sai an auna jininki an ji tarihinki, ba a nan za a zaɓa miki ba.

Sadiya, Yaba:
Na Turancin ki gwada masu tsofaffin littattafai a Ojuelegba da Yaba, ko kantin CMS a cikin Ikko. Ki rubuta suna a takarda, kuma kada ki nuna kin matsu, farashi zai tashi.

Maman Ilham, Agege:
Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Jiya bayan isha na karanta masa amsar Malam Bashir da ta Hajiya Kaka. Bai ce komai ba, sai ya ɗauko waya ya kira Inna ya tambaye ta tsakaninsa da yayansa. Ta ce shekara uku ba wata biyu. Ihya'un ma ashe yana da shi, juzu'i na biyu ne wani ya ara bai dawo da shi ba, ya ce zai bi sawu ranar Juma'a. Malama Zainab, ko za ki ara min na Musallam ɗin? Zan iya zuwa Akoka ranar Asabar in an tashi daga Islamiyya.