Yara sun matsa min kan bikin sabuwar shekarar Sinawa, me zan yi musu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu uku a Guangzhou, maigidana yana harkar tura kaya gida. Sabuwar shekarar Sinawa ta bana ta faɗo ranar 17 ga Fabrairu, 2026, shekarar doki, kuma tun da aka ba yarana hutu ba su da zance sai jajayen fitilu. Bara kulle ƙofa muka yi, ƙaramar ta wuni tana leƙe ta taga har ta ba ni tausayi. Ina so su ji suna cikin mutane, amma ina tsoron taka abin da addini ya hana. Don Allah a ba ni shawara.

Maman 'yan biyu, daga Yiwu:
Wa alaikumussalam 'yar uwa. Ki fara da kasuwar furanni, ai ita garinku ya yi suna da ita. Kwanaki kaɗan kafin bikin ake cinta. Ki bari kowa ya zaɓi furensa, ki haɗa da lemo ku kai wa maƙwabta. A gida kuma jar takarda da almakashi sun isa, su yanka doki su manna a taga. Nawa wuni suke a kai.

Wata uwa ɗaliba a Beijing:
Yaya, ku yi jiaozi tare. Kwaɓin fulawa ne ake murzawa, a zuba niƙaƙƙen nama, a matse bakin. Yara na son matsewar. Amma na waje yawanci naman alade ne, ki sayi na rago a shagon Musulmi. Haka tangyuan, 'yan curin garin shinkafa da ake ci a bikin fitilu, rana ta 15 ga sabuwar shekarar, wasu da kitsen alade ake haɗa su, ki duba leda.

Hajiya Babba:
'Yata, turaren haikali da miƙa wa kakanni abinci, nan ne iyakarmu, ki nuna wa yara haka cikin lumana. Amma jan ambulan ɗin nan da mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take, ke kira laisi, tamkar goron sallah ne. In an miƙo, su karɓa da hannu biyu, kada su buɗe a gaban mai bayarwa. Ke ma ki ba 'ya'yan maƙwabta, sabbin takardun kuɗi, ko kaɗan ne. Ki dai kauce wa lamba 4, don furucinta ya yi kama da na mutuwa a harshensu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Azumi ma yana biyo baya da kwana ɗaya ko biyu, fitilun da za su yanka sai mu bar su rataye har sallah. Hajiya, in masu rawar zaki sun shigo layinmu, in sauko da su su kalla?

Hajiya Babba:
Ki sauko da su mana. Ki dai riƙe hannun ƙaramar, gangar na da ƙara.