Jijiyoyi sun fito min a kumatu da ƙafa, ko lesa za ta ɗauke su?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekaruna 34, yarana uku, koyarwa nake, kusan wuni nake a tsaye gaban allo. Tun cikin autana wasu siraran jijiyoyi suka bayyana a bayan gwiwata da sharaɓa, sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Ban damu ba tunda zani yana rufe su. To yanzu ga jajaye a kumatuna da gefen hanci, hoda ma ta gaza. Ba zan ɓoye muku ba, shekara biyu ke nan ina shafa man haɗi na bilicin. Wani gidan gyaran jiki sun ce a zama ɗaya za su goge min su da lesa, wato na'ura mai ƙona su da haske, fuska da ƙafa. Wadda ta sani ta taimaka kafin in zuba kuɗina.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumussalam. 'Yar uwa, na ƙafar daban, na fuskar daban. Na ƙafa gado ne da ciki da yawan tsayuwa. Na fuskar kuwa ina zargin man nan. Galibin masu haɗi suna matsa tub mai ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magungunan fata masu ƙarfi, a ciki, shi ke cinye kaurin fata har jijiyoyin ƙarƙashi su fito fili. In kika yi lesa kina ci gaba da shafawa, kin zuba ruwa a kwando. Amma kada ki yanke shi dare ɗaya, fuskar za ta iya yin ja da raɗaɗi da ƙuraje. Ki ɗauki robar man ki kai wa likitan fata, shi zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Ni na yi, kuma na sha wuya. Hasken na'urar, jinin cikin jijiya yake nema ya ƙona, sai dai baƙar fatarmu ma tana shan sa. Washegari na tashi da bororo a kunci, da ya warke ya bar min baƙin tabo mai siffar bakin na'urar. Wata bakwai ina yawo da takunkumi, ana ta yi min sannu da mura. Daga baya likita ya ce na'urar lesar da ta fi dacewa da irin fatarmu ita ce Nd:YAG, mai lamba 1064. Ki tambaye su sunan tasu, ki ce a fara gwadawa a ɗan wuri. In suka fara kame-kame, ɗauki jakarki.

Wata Hajiya: 'Yata, ki riƙa shafa man zaitun da habbatussauda, ki bar wa Allah.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, a yi min afuwa, zai yi mata laushin fata, amma jijiyar da ta riga ta buɗe mai ba ya rufe ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya, to na ƙafar fa? Da yamma nakan ji ta yi min nauyi.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan nauyin shi ya sa zan ce a fara yi miki sikanin na jijiyoyin ƙafar. In babbar jijiya ta ciki tana barin jini yana komawa ƙasa, ko an goge na waje wasu za su tsiro. Kuma a ƙafa allura ta fi lesa aiki: ana tsira siririyar allura a zuba magani cikin jijiyar, ta manne, ta dusashe cikin makonni, sannan ki sa safa mai matse ƙafa. Ba a yi wa mai ciki. Maganar zama ɗaya kuwa ta 'yan kasuwa ce. Yawanci sai sau 2 zuwa 4, da tazarar mako 4 zuwa 6. Kafin nan, in kin dawo daga makaranta ki kwanta ki ɗora ƙafafun a kan filo biyu.

Mai tambaya: To. Robar man tana jakata, ranar Litinin in sha Allah zan nemi izini wajen hedimasta.