Falafil ɗina ya tarwatse a mai, ina na kuskure?

Amarya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da maigida ya dawo daga Umara ba shi da zance sai falafil, wato ƙosan Larabawa, da yake ci bayan Asuba. Jiya na ce bari in ba shi mamaki. Na sayo waken Larabawan nan, hummus, na gwangwani, na markaɗa da albasa da tafarnuwa, na mulmula. Ina jefawa a mai sai kowane ɗaya ya tarwatse, kaskon ya koma kamar an zuba tsaki. Kwalbar man gyaɗa guda ta tafi a banza. Ku taimaka min don Allah.

Maman Biyu: Wa'alaikumussalam. Ƙanwata, gwangwanin nan ne ya cuce ki. Dafaffe ne, kuma dafaffen wake ba ya riƙe kansa a mai. Ki nemi busasshe, a shagunan Indiyawa chana suke ce masa. Ki jiƙa shi tun daga Magariba har La'asar ɗin gobe, kada ya ga wuta ko kaɗan. Ki tsane, ki baza a faranti ya sha iska. Wajen niƙa kada ki sa ruwa, kuma kada ya yi laushi irin ƙullun ƙosai, ya ɗan yi ɓarzo-ɓarzo kamar burabusko. Idan kin dunƙula a tafin hannu ya tsaya, ya yi. Ki sa a firij kamar awa ɗaya. Ki fara jefa guda ɗaya ki gani kafin ki cika kasko.

Anti Mai Kek: Ni ba na wahalar da kaina. Cokali biyu na fulawa da ƙwai ɗaya, ko da na gwangwani ne ba ya watsewa.

Ɗan Azhar: Anti, da girmanki, amma wanda aka sa wa ƙwai sai dai a nema masa wani suna. Kuma Maman Biyu, abin da kika koyar na mutanen Sham ne, Siriya da Labanon da Falasɗinu. A Alƙahira ɗa'amiyya ake cewa, kuma da ful ake yi, waken nan mai faɗi, ɓararre wanda aka cire wa ɓawo. Ana niƙa shi da kurrat mai kama da lawashi, da ganyayen ƙamshi irin su kuzbara, da shabat, da bagadunis. Idan ka ɓare shi cikinsa kore shar, waje kuma riɗi ya manne. Faɗi ake yi masa, ba ƙwallo ba. Shekara huɗu ina karya kumallo da shi a cikin gurasarsu, aish baladi. Wannan shi ne na asali, masu binciken abinci da yawa ma Masar suke dangana shi da ita.

Hajiyar Omdurman: Ɗana, sannu da fatawa. Mu a Sudan ɗa'amiyya muke cewa kamar ku, amma da kabkabe muke yi, wato hummus ɗin nan da kake rainawa. Suna naku, wake na Sham. To mu ina za ka ajiye mu? Na tashi na ga kakata tana daka shi a turmi da tafarnuwa mai yawa, azumi bai taɓa wucewa ba shi a faifan buɗa-baki. Muna dangwala shi da shaɗɗa, barkono da aka dama da lemon tsami da dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ka je ka ce mata nata ba na asali ba ne.

Ɗan Azhar: Tuba nake Hajiya, ni wa? Gaskiya ma ko a Masar bakin bai haɗu ba, mutanen Iskandariyya falafil suke cewa. Akwai kuma masu cewa Kiristocin Masar, Ƙibɗawa, ne suka fara yin sa don azuminsu da ba a cin nama.

Baban Yara: Wannan gardamar ai ta wuce kicin. A 2008 ƙungiyar masu masana'antu ta Labanon ta yi barazanar kai ƙara kan yadda Isra'ila ke tallata falafil da markaɗaɗɗen hummus a matsayin nata. Ni tambayata ɗaya: idan na yi da wakenmu na gida fa?

Maman Biyu: Na gwada, Baban Yara. Farin wake, na surfe, na ɓarza babu ruwa, na sa kayan ƙamshi, kamun da kuzbara. Ya yi daɗi, yara suka cinye, amma surukata na ɗanɗanawa ta ce, "Wannan ƙosan bai bugu ba." Bambancin ke nan. Ƙosai sai an buga ƙullu ya ɗauki iska ya tashi a mai, shi kuwa falafil ba a bugunsa, ɗan bakar hoda ake sawa dab da suya.

Nas: Kafin kowa ya ruga neman ful: masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, kuma suna da yawa a cikinmu musamman maza, ful na iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi. Wanda aka taɓa gaya wa yana da shi ya tsaya a kan hummus.

Anti Mai Kek: To na ji, na janye ƙwan. Fulawar dai tana nan.

Amarya: Na dawo da rahoto. Na jiƙa busasshe kamar yadda Maman Biyu ta ce, blanda ta so ta ƙi sai na koma turmi. Na farkon da na jefa ya yi baƙi a waje ciki ɗanye, na rage wuta, sauran suka fito jajir ba wanda ya fashe. Maigida ya ci tara, sannan ya ce na can akwai wata farar miya a kai.

Hajiyar Omdurman: Ɗahina ce, riɗi ne kawai. Ki soya shi sama-sama kada ya yi duhu, ki niƙa da ɗan mai har ya yi santsi, ki dama da lemon tsami da tafarnuwa da gishiri. Zai fara daskarewa, kada ki tsorata, ki ci gaba da ɗiga ruwan sanyi kina juyawa.