Manyan akwatunan tsofaffin kundayen waƙoƙi: sun cancanci kuɗinsu?

Mai Neman Shawara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tara fayafayai. Kundin ƙungiyar mawaƙan Beatles na 1967, wato Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, ya daɗe a hannuna a faifan CD guda ɗaya, kuma na saurare shi har na haddace. Yanzu raina ya biya ga babban akwatin da aka fitar a 2017 domin cikarsa shekara 50, mai ɗauke da CD 4, da DVD, da Blu-ray, da littafi mai shafi 144. Abin da ya hana ni yanke shawara shi ne kuɗinsa ya ninka na faifai ɗaya sau da yawa, alhali waƙoƙin kundin 13 ne, kuma duk ina da su. Shin akwai abin da kunne zai ƙaru da shi a irin waɗannan akwatuna, ko kuwa kwali da takarda mutum yake saye?

Mai Garmaho ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka duba yawan fayafayan, fara tambayar wane aiki aka yi wa sautin, domin aiki iri biyu ne da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne a ɗauko tef ɗin ƙarshe da aka riga aka haɗa, a share shi, a daidaita shi, a sake bugawa. Na biyu shi ne a koma ga tef-tef na asali, inda ganga take daban murya take daban, a sake haɗa su tun daga tushe. Wannan na biyun shi Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya shirya kundin tun farko, ya yi a 2017.

Dalilin da ya sa aikin ya yi tasiri a wannan kundi shi ne, a wancan zamani na'urar da suka yi amfani da ita layi huɗu kawai take ɗauka. Idan layukan suka cika, sai a matse su a juye a wani tef domin a sami gurbin ƙara kayan kiɗa, kuma kowane juyi yana rage wa sauti kaifi. Da aka koma ga tef ɗin da ba a juye ba, sai ganga ta fito da nauyinta, muryar jagora kuma ta dawo tsakiya maimakon ta maƙale a lasifika ɗaya. Haka kuma akwatin yana da haɗin mono na 1967, wato wanda dukkan sautin yake fitowa ta hanya ɗaya ba a raba shi hagu da dama ba, wanda shi ne mawaƙan suka fi ba wa hankalinsu a situdiyo.

Abin da ya fi kama ni kuwa shi ne gwaje-gwajen waƙar Strawberry Fields Forever da ke cikin akwatin, wato ɗaukar da aka yi ta yi mata a situdiyo kafin a kammala ta. Waƙar da duniya ta sani ɗauka biyu ce aka ɗinke, na 7 da na 26, waɗanda saurinsu da matakin muryarsu suka bambanta, aka rage gudun ɗaya aka ƙara na ɗaya har suka haɗu. Ranar da na ji kowannensu shi kaɗai, sai na koma kan waƙar na tsayar da ita daidai minti ɗaya da farawa, na ji wurin ɗinkin da kunnena.

Ma'abociyar Jaz ta amsa:

Bayanin Malam Mai Garmaho gaskiya ne, sai dai ina so mai tambaya ya lura da abu guda: sabon haɗin da aka yaba yana nan a bugu mai faifai ɗaya, yana nan kuma a mai faifai biyu tare da zaɓaɓɓun gwaje-gwaje. Saboda haka ƙarin kuɗin babban akwati ba na sabon haɗin ba ne, na sauran kayan ne, kuma su ya kamata a auna.

Ma'aunina shi ne sau nawa faifai zai sake shiga na'ura bayan makon farko. A akwatunan da na mallaka, faifan kundin kansa ya sha juyi, fayafayan gwaji kuwa yawancinsu sau ɗaya ko biyu na ji su. Dubi The Cutting Edge na Bob Dylan da ya fito a 2015 a siga uku: mai faifai 2, mai 6, da mai 18 wanda kwafi 5,000 kacal aka buga. Faifai guda sukutum a ciki gwaje-gwajen waƙa ɗaya ne. Mai nazari zai ga taska, mai son ya ji waƙa da yamma kuwa zai gaji. Wasu akwatunan ma ana cika su da tarkacen da ba su da alaƙa da sauti; akwatin The Dark Side of the Moon na 2011 har da ƙwallayen gilashi da gyalen wuya a ciki.

Kuma kada kalmar "an gyara sauti" ta ruɗi kowa. Na taɓa sayen sabon bugu na wani kundi da nake ƙauna, na tarar an matse sautinsa domin ya yi ƙara, har wurin da ya kamata kiɗa ya yi sanyi ya zo daidai da wurin da ya kamata ya tashi. Bayan waƙa uku kunnena ya gaji, na koma ga tsohon faifaina. Gyara na gaskiya irin na kundin Kind of Blue ne na Miles Davis, inda aka gano na'urar da ta ɗauki waƙoƙin ɓangaren farko na faifan ta yi jinkiri a 1959, aka daidaita gudun a bugun 1992.

Mai Garmaho ya sake amsawa:

Hajiya, na yarda da ke a kan tarkace, amma ba zan bar faifan Dylan ɗin nan ba tare da kariya ba. A ciki ake jin waƙar Like a Rolling Stone tana farawa a hankali a kan piyano da wani taku daban, washegari ta koma yadda aka san ta a ɗauka na huɗu, sannan Dylan da makaɗansa su ci gaba da ƙoƙari har sau goma sha ɗaya ba tare da sun fi wancan ba. Jin wannan ko da sau ɗaya ya sauya mini yadda nake sauraron waƙar har yau. Akwai kuma akwatunan da sababbin waƙoƙi ne cikakku a cikinsu, kamar Sign o' the Times na Prince a 2020, mai waƙoƙin situdiyo 45 da ba a taɓa fitarwa ba. Wannan ai kundaye da dama ne a kwali ɗaya.

Mai Neman Shawara ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara sauraron fayafayan gwajin ta intanet na tsawon wata guda, in ga ko zan koma kansu da kaina. Idan ban koma ba, bugu mai faifai biyu zan saya. Saura tambaya ɗaya ga wanda ya riƙe littafin nan mai shafi 144 a hannunsa: bayanin yadda aka ɗauki kowace waƙa ne ya fi yawa a ciki, ko hotuna?