Wasa ɗaya tak: shi ma ɗan babbar gasa ne?

Malam: Jama'a, jiya na yi musu da wani Ba'amurke a wajen aiki. Wai duk wanda ya taɓa taka fili a MLB, babbar gasar besbol, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗan babbar gasa har abada. Irin wannan gajeren zama su "kofin kofi" suke ce masa, ka kurɓa ka tashi. Ni dai ban yarda ba.

Yaya: Me ya hana, Malam? An rubuta sunansa, magana ta ƙare.

Malam: To ga Larry Yount. A 1971 ƙungiyar Houston ta turo shi ya yi jifa, yana cikin ɗumama hannu gwiwar hannun ta ƙi. Ko ƙwallo ɗaya bai jefa wa mai bugu ba. Don kawai an riga an sanar da sunansa aka lissafa masa wasa. Ƙaninsa Robin da ya yi shekara 20 a Milwaukee, shi ne ɗan wasa.

Anti: Haba Malam, kafin a kira sunan nan shekara nawa ya yi a ƙananan gasa, yana kwana a motar bas? Ka duba John Paciorek. Ranar 29 ga Satumba 1963, yana ɗan shekara 18, sau biyar ya tsaya bugu, sau biyar ya isa zango (inda mai bugu ke rugawa ya tsaya) lafiya. Ciwon baya ya kwantar da shi, bai sake dawowa ba. Rashin iyawa ne wannan?

Auta: Anti, in haka ne har Eddie Gaedel ɗan wasa ne kenan 😂 Wada ne, tsayinsa santimita 109, lambar rigarsa 1/8. Mai ƙungiyar St. Louis Browns, Bill Veeck, ya sa shi a 1951 don jan 'yan kallo. Mai jifa ya rasa inda zai saita, jifa huɗu duk suka kauce, aka ba shi zango kyauta. Shugaban gasar ya soke kwantiragin nan da nan.

Anti: Wannan wasan kwaikwayo ne, Auta, kar ka haɗa su.

Yaya: Ni wanda ya tsaya min a rai Adam Greenberg ne. Yuli 2005, rigar Chicago Cubs, jifan farko da aka taɓa yi masa a babbar gasa ya same shi a ƙeya. Ya faɗi yana riƙe da kai. Jiri ya daɗe yana damunsa. Sai 2012 Miami ta ba shi kwantiragin kwana ɗaya, mai jifa R.A. Dickey ya fitar da shi da jifa uku, 'yan kallo suka miƙe suna tafi. Malam, kai za ka iya duban idonsa ka ce masa ba ɗan wasa ba ne?

Malam: Greenberg da Paciorek na ba ku. Gaedel kuwa ko kusa.

Auta: Yount fa?

Malam: Shi dai ku bar ni da shi tukuna, lokacin aiki ya yi.